Su wa suka kafa Maraɗi, kuma me ya sa sarkinta yake Sarkin Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni Bakatsine ne, ɗalibi, kuma ban taɓa wuce Jibiya ba. Kwanan nan aka kawo wa mahaifinmu katin ɗaurin aure daga Maraɗi, a jerin manyan baƙi na ga an rubuta Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi. Na ce to fa, ga namu a birni, shi kuma wannan daga ina? Wani abokina ya ce ai duk mutanen Maraɗi Katsinawa ne da suka gudu lokacin jihadi. Wani kuma ya rantse garin Gobirawa ne. Don Allah wanda ya san yadda aka kafa garin ya warware mini, ya kuma gaya mini su wa ke zaune cikinsa yau. Yadda nake jin sunansa a bakin 'yan kasuwa, na ɗauka ya kusa kai Kano girma.

Tsohon Mushe ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni a unguwar Bagalam ta Maraɗi aka yanke mini cibiya, na koyar da yara a lakwal har na ajiye alli, kuma ko yaranmu na nan da ke wucewa ta ƙofar fada kullum ba duka suka san amsar tambayarka ba.

Ba aron sunan muka yi ba. Sarautar ce da kanta ta taso daga wajenku ta zo nan. A 1807 mutanen Shehu Usmanu, da Malam Ummarun Dallaje a gaba, suka ci Birnin Katsina. Sarkin lokacin, Magajin Haladu, ya fita da jama'arsa zuwa Ɗankama, aka bi su can aka sake cin su, kuma a nan ya rasu. Abin da tsofaffi ke faɗi shi ne rijiya ya faɗa don baƙin ciki. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi gabas zuwa Damagaram. Ya yi shekaru a wannan ƙasa, mafi yawa a Gafai, sarki da tambari amma ba gari.

Daga nan ne nake rabuwa da masu ba da labari a fada, da abokinka na farko. Suna faɗinsa kamar Ɗan Kasawa ya iske daji ne ya sare. Ba haka ba ne. Kwarin Gulbin Maraɗi yana da mutanensa tun kafin jihadi, yana cikin ƙasar Katsina ta arewa, har akwai mai riƙe da sarautar Maraɗi yana kula da wurin. Mutanen nan su ne Anna, waɗanda ku can kuke kira Maguzawa. Hausawa ne tsantsa, ba su da wani harshe sai wannan, amma ba su yin salla. Manoma ne, da mahalba, da masunta, da maƙera, kowane gida da sana'ar da ya gada da abin da yake yi wa yanka. Fadama tasu ce, kurmin da ya rufe kwarin a lokacin su suka san hanyoyinsa. Da Katsina ta faɗi, sababbin sarakuna suka ajiye wakilinsu a nan, ana ce da shi Mani. Anna suka ga nauyin ya fi ƙarfinsu, suka tashi suka kashe shi, sannan suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajen 1819 ke nan. Ka lura da yadda abin ya gudana: masu ƙasa ne suka yi aikin, sannan suka kira mai sarauta. Ba cin su ya yi da yaƙi ba. Shi ya sa zaman ya ɗore a kan fahimta, sarki da fadawa da malamansu Musulmi a cikin gari, Anna a karkara da al'adunsu ba mai taɓa su, ana buɗin daji kowace shekara, wanda ya noma dami dubu ya yi bikinsa a naɗa shi sarkin noma. Da yaƙi ya taso kuwa, baka da kibiya na Anna ne ke tsare kurmi.

Ɗan Kasawa bai taɓa ɗaukar kansa sarkin wani sabon gari ba. A wurinsa shi ne Sarkin Katsina, jikan Korau, wanda ke zaune a waje kafin ya koma gida. Don haka ya dasa fadar kamar yadda ya baro ta. Ƙaura, Galadima, 'Yandaka, Durɓi, waɗannan huɗu da kuka sani masu zaɓen sarki, mu ma su ne. Akwai Iya, mace daga gidan sarauta, ita ke shugabancin mata da 'yan bori. Har unguwanninmu na asali za ka ji Katsina a cikinsu: 'Yandaka, Limanci, Maradawa, ga Mokoyo, Ɗan Gulbi da Bagalam tamu.

Komawar ce ba ta yiwu ba, amma ba don ba a gwada ba. Rauda, wanda ya gaji Ɗan Kasawa, ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da Buzaye, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare su a Gawakuke a 1836, aka kashe Rauda da Ali a rana ɗaya. Ɗan Mari ya karɓa ya ci gaba. Wanda ya fi kowa suna shi ne Ɗan Baskore, ya yi sama da shekara 20 a gado a tsakiyar ƙarnin, ya kewaye gari da ganuwa, kusan kowace rani yana kan doki. Ya sha isa ƙofar Katsina, bai shiga ba. Ƙarshen ƙarnin kuma gidan ya ci kansa. Ƙaura Hasau ya fi sarki ƙarfi, shi ke ɗorawa shi ke saukewa, har Sarki Mijinyawa ya bar gari ya koma Tasawa, aka sami sarauta biyu daga tsatso ɗaya.

Nasara ne suka rufe zancen. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906 ta bar Maraɗi a hannun Faransa, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Aka ja layi tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, Katsina biyu suka zama ƙasa biyu, alhali tsakaninsu bai fi kilomita 90 ba. Ka kwatanta da maƙwabta. Sarakunan Zazzau na dauri sun yi kudu sun kafa Abuja, wadda ta zama Suleja, su ma ba su koma ba. Na Daura kaɗai suka yi sa'a, Ingilishi suka mayar da su gidansu a 1906. A wannan shekarar ce kuma a wajenku sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma hannun Muhammadu Dikko, wanda shi ma Durɓi ne kafin nan. Ka ga ke nan gadon Katsina gida uku ya ratsa, kuma na farkon yana nan wurinmu.

'Yar Tsibiri ta rubuta:

Baba Mushe, Allah ya ƙara girma, amma ka bi ta kanmu da gudu kamar ba ka gan mu ba. Abokin yaron nan na biyu bai yi ƙarya duka ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa, Gobirawa suka yi ta yawo suna yaƙi shekara da shekaru. Bayan Gawakuke ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya zo ya kafa Tsibiri, da yardar Ɗan Mari, a bakin gulbin nan dai, tafiyar da mai kabu-kabu ke yi kafin shayi ya huce. Sarki biyu da suka rasa biranensu suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kuma yawancin yaƙe-yaƙen da ka lissafa tare aka fita. Daga Tsibirin ne ma wani reshe ya ɓalle ya je ya kafa Sabon Birni da ke Najeriya yanzu.

Ku kuna da Iya, mu muna da Inna, kuma kowa ya san tamu ta fi taku faɗa a ji. A cikin Maraɗi kanta kuwa, shiga babbar kasuwa ka dubi fuskokin dattawa. Za ka ga tsagar Gobir, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, ba iyaka. Yara dai yanzu ba a yi musu. Kakata ta wajen uwa Bakatsina ce daga Mokoyo, kakana Bagobiri, kuma gidan da babu irin wannan auren a garuruwan nan biyu sai an tona. In kana son ka san mu da yawa ne, tsaya kusa da shagon Bayarabe ka ji yadda ake sheƙe masa da wasa tun safe.

Na Batsari ya rubuta:

Ni daga ƙasar Ruma nake, kuma ina son a faɗi ɗaya gefen. Baba ya ce Ɗan Baskore kowace rani yana kan doki. To kan wa yake hawa? Kan kakanninmu. Abin da ku kuke kira ƙoƙarin komawa gida, mu a wajenmu sunansa hari: a ƙone rumbu, a kore shanu, a kama mata da yara a kai kasuwa. Kuma ba gefe ɗaya ke yi ba. A shekarun 1840 mutanen Ruma suka bi Ɗan Mari suka yi wa Katsina tawaye, Sarkin Katsina Siddiku ya zo ya murƙushe su, garuruwa suka watse, ƙasar ta koma daji. Dajin Rugu da ake jin sunansa a labarai yau, da yawansa kufai ne na wancan zamani. Talaka ya sha daga sama ya sha daga ƙasa.

Abin da ya sa na kawo wannan, yana cikin amsar tambayar su wa ke Maraɗi. Waɗanda suka tsere daga Ruma da yawa can suka nufa. Waɗanda aka kamo daga ƙasar Katsina, Zamfara, Kano har Zazzau, ba duka aka sayar ba, wasu sun zauna sun haihu. Jikokinsu yau Maraɗawa ne kamar kowa, ba mai tambaya. Kuma kada a ɗauka yaƙin Hausa da Fulani ne zalla. Siddikun nan da na ambata, da Sakkwato ta tuɓe shi, wajen Maraɗi ya nufa neman taimako.

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai. A makaranta daga 1807 sai a tsallaka zuwa zuwan Turawa, ba a taɓa ce mana ga inda waɗanda aka kora suka shiga ba. Baba Mushe, saura batun yau. Mutum nawa ne a garin, kuma har yanzu jikokin waɗancan ne suka fi yawa?

Tsohon Mushe ya rubuta:

Na Batsari, ban musa maka ko ɗaya ba. Kirarin da maroƙa ke yi wa Ɗan Baskore a fada, kukan wani gida ne a wajenku. 'Yar Tsibiri kuma, na ji, a gaida Inna.

Ɗana, cire Kano daga ranka. Kano miliyoyi ce. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Maraɗi mutum 267,249, ta 2001 kuma 148,017. A 1988 wajen 110,000 ne, a 1977 kuwa 44,000 da 'yan kai. Ka koma baya zuwa 1950, garin bai kai mutum 10,000 ba. Riƙe waɗannan a hannu, don su ne amsar tambayarka ta biyu. Garin da ya tashi daga ƙasa da 10,000 zuwa sama da 260,000 cikin shekara 60 da 'yan kai, ba haihuwar gidajen asali kaɗai ta cika shi ba, ko da yake wajen haihuwa ba a bar mu a baya ba: binciken lafiya na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi tana haihuwar 'ya'ya 8 da ɗoriya.

Kafin in zo kan su wa suka cika shi, sai ka san cewa garin da za ka gani in ka zo ba shi ne na Ɗan Kasawa ba. Tsohon gari a ƙasa yake, cikin fadama, gab da gulbi. Daminar 1945 gulbi ya cika ya tumbatsa ya shiga gari. Gidajen ƙasa ne, suka jiƙa suka zube. Mahaifina yana saurayi a lokacin, ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai ba gidajen ba ne, rumbunan hatsi ne, don gida ana sake ginawa da rani amma gero sai wata shekara. Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin, ya ce ba za a sake gini a kwari ba, kowa ya hau tudu. Nasara suka auna fili da igiya, suka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi suna gicciye juna kamar gidan dara, aka ba fada wurinta, kowace unguwa ta hau da sunanta da mai unguwarta. Shi ya sa baƙo daga Katsina ko Zariya yake mamaki. Yana neman lungu da ganuwa da wani abu mai kama da Gobarau, sai ya iske gari a shimfiɗe kamar jiya aka zana shi. Tsofaffi sun yi gunaguni, don ruwa a tudu yana da nisa, rijiya sai an yi gaba da yawa. Amma ni a ganina wannan ambaliya ita ta buɗe wa garin hanya. A cikin fadama ba inda zai faɗaɗa.

Sai gyada. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyadar ƙasar nan can take bi zuwa teku. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA, da Kwarori 'yan Labanan, suka buɗe kanti da sikeli a Maraɗi. Su ba su shiga ƙauye, sai suka riƙa ba 'yan gari kuɗi su sayo musu. Yaran da suka fara da awon gyada a kasuwannin ƙauye, su ne suka zama Alhazan Maraɗi da kake jin labari, kuma da yawansu ba 'ya'yan sarauta ba ne, ba su ma taɓa zama a benci a lakwal ba. Bayan 'yancin kai gwamnati ta kafa kamfaninta mai suna SONARA a 1962 ta karɓe cinikin gyada. Fari na farkon shekarun 1970 ya zo ya kashe gyadar gaba ɗaya. Da wani gari ne da ya kwanta. Alhazai suka juya ga iyaka. Yaƙin Biyafara ya riga ya koya musu cewa in hanyar kudu ta toshe akwai riba a arewa, ga kuɗin man fetur ya cika Najeriya, ga ta hana shigo da kaya iri-iri. Sai a sauke kaya a Kwatano, a kawo su Maraɗi bisa doka, taba da atamfa da shadda, daga baya shinkafa, 'yan fito su san yadda za su yi da sauran kilomitocin. Ba ina yabo ba ne, ina faɗin abin da ya gina benayen.

To wa ya zo? Mafi yawa Hausawan karkarar jihar ne. Fari na 1973 da na 1984 sun koro mutane daga Dakwaro, Mayahi, Tasawa, Agye, Gidan Runji. Wasu cin rani suka zo, suka ga dako da ga-ruwa da tura baro sun fi gonar da ba ta ba da komai, ba su koma ba. Gona kuma ta yi kaɗan, don in ka cire Yamai babu jihar da mutane suka cunkushe kamar tamu, mutum miliyan 3.4 a 2012. Su suka cika Sabon Gari, Zariya, Sura Bildi, Ali Ɗan Tsoho. Lokacin da nake koyarwa, in na tambayi aji wa aka haifi kakansa a cikin gari, hannuwan da ke tashi ba su da yawa, sai fa a makarantun tsofaffin unguwanni. Mafi yawan waɗannan baƙi jikokin Anna ne da Gobirawa da Katsinawan ƙauye. Yau kusan duk Musulmi ne, har Izala ta yi ƙarfi a cikinsu tun shekarun 1980. Wanda kakansa ya yi yanka a gindin tsamiya, shi ne yanzu a sahun gaba.

Bayan Hausawa akwai Fulani, na gari da na rugage da ke kewaye, waɗanda matansu ke shigo da nono kowace safiya. Akwai Buzaye iri biyu: na da, masu ayarin raƙuma da ke kawo gishirin Bilma da dabino su koma da hatsi, da waɗanda fari ya raba da dabbobinsu suka zama masu gadi. Akwai Barebari daga gabas, tsofaffin zama ne, wasunsu malamai wasu fatake. Zabarmawa yawanci aikin gwamnati ya kawo su, soja, jandarma, duwan (kwastan), ma'aikatan ofis, kuma 'ya'yansu da aka haifa nan Hausa suke yi kamar kowa. Yarbawa da Ibo suna riƙe da kayan gyaran mota da wasu sana'o'in hannu, ga mutanen Benin da Togo. Kiristoci kaɗan ne, amma ba duka baƙi ba ne. Mishan ta SIM ta zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin kutare a Danja, kuma akwai gidajen Hausawa 'yan ƙasa da suke Kirista tun kakanni.

Sabon abin da ke kawo mutane yanzu shi ne karatu, tun da aka buɗe jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, sai kuma rashin kwanciyar hankali a kan iyaka, wanda ya turo dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa ƙauyukan jihar. Gonakin da na sani a gefen gari duk an yanka su filaye. Ta hanyar arewa gini ya kusa haɗe mu da Tsibiri.

'Yar Tsibiri ta rubuta:

Ya kusa, amma bai haɗe ba, Baba. Kuma ko ya haɗe, filin da kuke saya ta wannan gefen ƙasar Sarkin Gobir ce, a wurinmu za ku zo neman takarda. Ɗan Ƙofar Ƙaura, in mahaifinka zai zo ɗaurin auren ka biyo shi, ka taho da katin shaidarka saboda shingayen hanya, kuma ka canza kuɗinka tun a Jibiya ko Ɗan Isa. In ka sami Laraba a nan, ranar kasuwarmu ce.